Littafin da Ya Hana Zuliha Cin Tuwo

Ramlatu na tankaɗe a tsakar gidansu da ke Zango sai ga mahaifinta, Malam Tanimu baduku, ya shigo riƙe da littafi kamar ya ɗauko garwashi.

— Wannan ne ya hana ƙanwarki Zuliha cin tuwo kwana biyu! Wa ya ba ta?

— A akwatin littattafan lakwal ta aro, Baba.

— Wa ke riƙe da makullin?

Ta sunkuyar da kai. Mushe Tahiru ne, malamin lakwal ɗin, wato makarantar boko, wanda aka sa ranar aurensa da ita bayan kaka, a shekarar nan da ake ta zancen Faransawa za su tafi.

Malam Tanimu bai iya Faransanci ba, amma hoton bango ya ishe shi: mace ta ajiye jariri a gindin itace ta juya baya. Labarin yunwa ne, Zuliha 'yar shekara sha huɗu ta karanta, ta yi ta kuka.

Ya aika aka kira Tahiru.

— Ka ƙone shi, ko in mayar muku da goronku!

— Ku gafarce ni, Baba. Babu ƙarya a cikinsa, ba zan iya ba.

Taurin kai ya haɗu da ɗan'uwansa. Aka hana Tahiru zuwa zance, Ramlatu ta sha kuka har ta rame. Ran da suka haɗu a bakin rijiya ba ta raga masa ba.

— Takarda ta fi ni ke nan?

— Haba Ramlatu! In na ƙone gaskiya don in same ki, me zan koya wa yara?

— Gaskiya ce, na yarda. Amma ka ɗora wa yarinya kaya, ka bar ta ita kaɗai.

Kunya ta kama shi.

Sati uku ana haka. Wani hantsi Kaka Kellu, mahaifiyar Malam Tanimu, ta gaji.

— Ke, ɗauko abin nan da ke neman kashe miki aure, in ji da kunnena.

Ramlatu na karantawa tana juyawa da Hausa, Zuliha na gefe. Da aka zo wurin jaririn, tsohuwa ta ɗaga hannu.

— Nawa a gindin tsamiya na bar shi, kan hanyar garin Dogo, shekarar yunwa. Suma'ila sunansa. Nono ya ƙafe, ƙarfina na goyon ɗaya ne, na ɗauki ubanku. Shekara arba'in da biyar ban faɗa wa kowa ba.

Malam Tanimu na bakin zaure, ya ji komai. Bai taɓa sanin yana da ƙane ba. Ya durƙusa gaban uwarsa yana hawaye, Zuliha kuwa ita ce ta rungume kakar tana lallashi.

Washegari da kansa ya kai littafin lakwal.

— Ka mayar da shi akwati, Mushe. Amma duk yaron da ya ara, babba ya zauna kusa da shi.

— Na yi alkawari, Baba.

Aka ɗaura aure bayan kaka, haƙurin Ramlatu ya yi rana. Ɓoye wa yaro ɗacin duniya ba ya kare shi, barinsa da shi shi kaɗai kuma zalunci ne. Kaka Kellu ta rayu har ta goya ɗansu na fari, ita ce kuma ta roƙi a sa masa Suma'ila.