Abin da Injin Ya Gani a Ƙirjin Tanka

A taƙaice, ga yadda al'amarin ya kasance: wani direban motar ruwa, wanda abokan aikinsa ke kira Tanka bisa dalilin da ido ke iya gani, ya je gwajin lafiyar da kamfaninsu ya wajabta, ya fito da ciwo da kuma budurwa. Babu wanda ya nema a cikinsu.

Gado ɗaya ne a ɗakin gwajin, shi ma sai da ya yi kuka da Tanka ya kwanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta manna masa wayoyin injin auna bugun zuciya a ƙirji da hannuwa da ƙafafu.

"Malam, ka daina motsi."

"Ban motsa ba, ranki ya daɗe. Zuciyar ce, kuma kin san wadda ta tsokane ta."

Ta yi murmushi. Injin ya fara fitar da takarda mai zane hawa da sauka, Tanka kuwa yana kallon fuskarta har ya ga murmushin ya ɗauke. Ta tambaye shi ko a gidansu an taɓa yin wanda ya rasu ba jinya.

"Babana. Yana ɗaura takalmi. Shi ma ƙato ne kamar ni."

Likita ya yi masa bayani cewa bayan kowane bugu zuciyarsa tana jinkiri kafin ta shirya wa na gaba, ƙiba kuma tana ƙara mata wahala. Irin wannan zuciya takan tsaya ba sallama, ko mutum yana kan sitiyari. Tanka ya karɓi magani, ya karɓi lambar ma'aikaciyar. Lambar ya fi amfani da ita.

Kullum da safe saƙonta ne ke tashinsa: "Babban mutum, ka tashi lafiya?" Yakan nuna wa direbobi, yana cewa ga mai kwana da shi a rai.

Mahaifinta bai ga abin burgewa ba.

"Aure zan yi miki ko takaba? Ga ɗan ƙanwata nan, malamin makaranta, siriri kamar alli."

"Baba, shi ba a taɓa gwada shi ba. Wannan ko ba komai na san abin da zan aura."

Wata safiya wayar Tanka ta mutu. Yana wanke mota sai ga ta a garejin, takalmi daban-daban a ƙafa, tana tambayar mutane ina aka kai shi. Nan ya gane abin da saƙon safiya yake tambaya: ko ya wayi gari da rai. Da ya samu caji ya rubuta mata:

"Likitata, so nake nema, ba gadi ba. In tausayi ne, ki bar ni da motata."

Amsa ta zo: "Tsoro nake ji, kuma ba zan daina ba. Amma mutane da yawa sun kwanta a gadon nan, babu wanda nake nema da safe sai kai. Ba zan jira ka a bakin hanya ba, masoyi. Ko motar, ko ni."

Ya daɗe zaune a cikin motar, hannunsa a kan sitiyarin da ya ci tafinsa. Sa'an nan ya sauka ya miƙa makulli.

Da labarin ya kai ga mahaifinta, sai ya ce mutumin da ya ajiye abincinsa saboda 'yarsa ba a kora shi. Aka ɗaura aure. Aka yi addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari, da aka zo kan tsawon rai kuwa, amin ɗin dangin amarya ya fi na kowa ƙarfi.

Abin da kowa ya rasa: ango, aikinsa na tuƙi, da lemon kwalba, da rami uku na bel ɗinsa. Mahaifin amarya, zumuncinsa da ƙanwarsa. Amarya, barci mai nauyi, har abin da hali ya yi.