Wa Zai Shaidi Mikail?

Mabruka ta dire farantin shayi a gaban mahaifinta da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi ƙara. Alhaji Yahya ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke lafiya? Da farantin kuke faɗa?"

"Abba, saura kwana tara a rufe karɓar fom."

"To ni zan cike masa?"

"Ya cike tuni, har ya yi firintin. Takardar asali kawai ta rage. Ka raka Yaya Mikail wurin Mai unguwa ka ce ɗan gidan nan ne, shi ke nan fa, Abba."

Alhaji ya kurɓi shayi a hankali, ya ce zai duba. Wata guda ke nan yana dubawa.

Ga yadda abin yake. Kakan Mikail, Malam Abdulhakeem, wan mahaifin Alhaji Yahya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekaru sittin da ɗoriya da suka wuce ya fita daga wannan gida na unguwar Zaitawa a Kano zai je Hajji a ƙasa, sai zama ya kama shi a Sudan, ya yi aure a can, ya haihu, ya rasu. A Omdurman aka haifi Mikail, a can ya yi karatun gwajin jini har ya fara aiki. Da yaƙi ya ɓarke, mahaifinsa ya riga ya rasu, mahaifiyarsa ta bi 'yarta zuwa Masar, shi kuma ya biyo ta Chadi da jaka ɗaya da takardunsa a cikin leda, ya nufo garin da kakansa ya mutu yana ambato.

Kuma kada wani ya ce Alhaji Yahya bai san shi ba. Sanda Alhaji yake saurayi yana fataucin turare, wata bakwai ya yi a gidan mahaifin Mikail, aka ba shi ɗaki, aka ci da shi, aka haɗa shi da 'yan kasuwa. Shi ya sa ranar da Mikail ya iso aka yanka kaji, Alhaji yana ta nuna shi ga maƙwabta yana cewa, "Ɗana ne daga Sudan." Wannan magana kuwa ba ta wuce ranar kajin ba.

Wata takwas Mikail yana yawon neman aiki. Ya je Abuja an tantance takardunsa, ya zauna jarrabawa ya ci. Ya bi asibitocin kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ko'ina sai a saurari Hausarsa mai gaurayen Larabci a yi murmushi a ce, "Za mu kira ka." Har yau wayar ba ta yi ƙara ba. Mabruka ce ta koya masa hanyoyin adaidaita sahu, ta gyara masa sibi na neman aiki, ta hana shi kiran direba da "ya zol" irin na 'yan Sudan. Tun tana yi masa dariya har ta koma tana leƙen zaure in ya yi yamma bai dawo ba. Da maganar aurensu ta kai kunnen Alhaji, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ba na ba wa mara aiki 'yata. Ya samo aiki tukuna."

To ga aikin ya zo. Gwamnati za ta ɗauki ma'aikatan lafiya, kuma masu gwajin jini ake nema ruwa a jallo. Sai dai dole mutum ya haɗa da takardar shaidar cewa shi ɗan asalin gari ne, ita kuwa daga Mai unguwa take farawa, shi kuma ba ya sa hannu sai babban gida ya shaidi mutum. Ba aure sai da aiki, ba aiki sai da takarda, takardar kuma tana kan harshen Alhaji. Dalilin nauyin bakinsa ba ɓoyayye ba ne: wani attajiri yana zawarcin gidan zai rushe ya gina filaza ta shaguna, Alhaji kuma ya lissafa cewa duk ranar da ya ce Mikail jikan gidan ne, ya ƙara wa kansa abokin gado. Abin takaici, yaron ko sau ɗaya bai taɓa tambayar ɗaki nawa ne a gidan ba.

Da la'asar Alhaji ya kira Mikail zaure. Mabruka ta laɓe a bayan ƙofa, kuma ba na ganin laifinta.

"Na samo maka mafita," in ji Alhaji. "Ina da mutum a wata ƙaramar hukuma can wajen gari. Zai yi maka takarda a ce kai ɗan wani ƙauye ne. Kwana biyu ta fito."

Mikail ya tambaya, "Baffa, wane ƙauye?"

"Ina ruwanka da sunansa? Takarda ce kake so."

"To sunan wa za a rubuta a wurin kakana?"

"Ko wa aka ga dama."

"Ma'alesh, yi haƙuri Baffa, ba zan iya ba. A can ana ce mana 'yan Najeriya, ba mu da wuri. Kakana yakan ce mu yi haƙuri, muna da gida a Zaitawa. In na sayi wani ƙauye yau, na ƙaryata shi ke nan."

"To ka zauna da taurin kanka. Mai nema ba ya zaɓe."

Washegari Mikail ya tafi wurin Mai unguwa shi kaɗai. Dattijon ya saurare shi tsaf, ya aika a kira Alhaji Yahya. A gaban mutane shida da ke zaune a kan tabarma ya tambaye shi, "Alhaji, wannan yaro ɗan gidanku ne?"

Alhaji ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, baƙo ne na sauke saboda Allah. Asalinsa kuwa, ni ban isa in rantse ba."

Mutumin da ya kwana wata bakwai a ɗakin uban yaron ne ya faɗi haka, ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Mikail ya tattara takardunsa, ya yi godiya, ya fita. Sai da ya kai lungun da ba kowa sannan ya jingina da katanga ya yi kukan da bai yi ba ko a hanyar Chadi.

A ranar ya kwashe kayansa zai koma shagon wani abokinsa a Ƙofar Ruwa. Mabruka ta tare shi a soro, idanunta sun yi ja.

"Haka za ka tafi? Ka bar masa ke nan?"

"Ubanki ne, Mabruka. Ba zan tsaya ina jayayya da shi a titi ba."

"Ni ma ba zan yi masa rashin kunya ba. Amma wallahi wannan ba adalci ba ne, kuma ba shi kaɗai ne babba a dangin nan ba. Gobe ƙarfe goma ka jira ni a bakin Kabara."

A unguwar Kabara 'Yardada take, ƙanwar Malam Abdulhakeem, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Da gangan Alhaji bai taɓa kai Mikail ya gaishe ta ba, kullum sai ya ce tsohuwa ba ta son hayaniya. Mabruka ta zayyana mata komai tana sharar hawaye. Tsohuwar ta juya fuska wajen da Mikail yake durƙushe.

"Kai ne ka ce jikan Yaya ne? Kowa ma zai iya faɗa. Da wace ƙafa yake ɗingishi?"

"Da ta hagu, Hajiya."

"Me ya same ta?"

"Ya ce wata ƙanwarsa mai rashin ji ce ta sakar masa taɓarya a kan babban yatsa, don ya cinye mata ƙanzo. Ya ce ya yafe mata, amma in ya koma gida sai ya rama."

'Yardada ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta suka yi ta rawa, ba a san dariya take ko kuka ba, sai da hawaye suka gangaro. Ta lalubo kansa ta dafa.

"Bai dawo ya rama ba," ta ce. "Ke, miƙo min sandata. Ku samo mana adaidaita."

Zuwan 'Yardada ƙofar Mai unguwa ya tara mutane, don an yi shekaru ba a gan ta a waje ba. Aka sake kiran Alhaji Yahya. Da ya hango ta a zaune sai tafiyarsa ta canja.

"Gwaggo, me ya fito da ke? Da kin aiko ai..."

"Rufe min baki, Yahya. Da ka dawo daga Sudan, wa ya zauna a ɗakina yana ba ni labarin yadda ɗan Yaya ya riƙe shi kamar ƙwai? Ba kai ba ne? Yau ɗansa ya zo a guje daga wuta, ka tashi a gaban jama'a ka ce ba ka san asalinsa ba. In ba shi da asali a gidan nan, kai ma ba ka da shi, don tsatso ɗaya ne."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Mikail ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta a gaban kowa, ni ba gida na zo nema ba. Na bar wa Baffa. Sunan kakana kawai nake so a kan takardata."

"Ba za a rubuta ba," in ji 'Yardada. "Ba a sayen asali da gado. Abin da Allah ya raba, malamai za su faɗa in lokacinsa ya yi. Gidan kuma ba mai rushe shi ina numfashi, don ni ma a cikinsa aka yanke min cibiya."

Mai unguwa ya jawo biro ya sa hannu. Ana saura kwana biyu a rufe, Mikail ya miƙa fom ɗinsa. Bayan wata biyu aka kira shi intabiyu, bayan wata guda kuma sunansa ya fito.

Alhaji Yahya ya yi makonni ba ya zama a majalisar ƙofar gida. Kunya ta yi masa abin da wa'azi bai yi ba, har wata rana ya taka da kansa zuwa Ƙofar Ruwa ya ce Mikail ya dawo gida. Sharaɗin aiki kuwa shi ya gindaya da bakinsa, ba yadda zai yi da shi.

Ranar ɗaurin aure, bisa al'ada, uba ba ya bayar da 'yarsa da kansa, ƙanin Alhaji ne ya zama waliyyin Mabruka. Liman ya juya ya tambaya, "Wa ke karɓa wa ango?"

Mikail ba shi da uba, ba shi da wa, kuma ban da waliyyin amarya, duk Kano ba namijin da ya fi kusa da shi sai mutum ɗaya. Idanu suka koma kan Alhaji Yahya. Ya matso gaba, muryarsa tana rawa a wannan karon.

"Ni ne. Ɗana ne, Mikail ɗan Ibrahim ɗan Abdulhakeem, na gidanmu na Zaitawa."

A cikin gida aka kai wa Mabruka labari, ta kifa kai a cinyar 'Yardada tana kuka, tsohuwar tana bubbuga bayanta tana cewa ta yi shiru kada ta ɓata kwalliya.

Masu karatu, wanda yaƙi ko wahala ta koro zuwa ƙofarku ba abinci kaɗai yake nema ba, yana neman wanda zai ce ya san shi. Kwaɗayin ƙasa da gini ya sa Alhaji Yahya ya ƙi faɗin kalma ɗaya a gaban mutum shida, sai ga shi ya faɗe ta a gaban ɗaruruwa. Mikail kuwa ya ƙi ƙarya a lokacin da ita ce hanya mafi sauƙi, ya yi haƙuri, Allah ya ba shi aiki da mata da sunan kakansa gaba ɗaya.