Baƙon Bazara

Kaka Siranush na naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, Araksi na miƙa mata ganyen, amma rabin hankalinta na kan wayar da ke aljihunta. Ta taga ana jiyo ƙarar akwatunan 'yan hutu suna gangarawa tasha. Bazara ta ƙare a Marseille ta ƙasar Faransa, kowa ya tattara ƙonanniyar fatarsa zai koma inda ya fito.

"Ke, wannan murmushin ba na girki ba ne," in ji Kaka. "Yaron nan ne mai jan hanci?"

"Kai, Kaka! Sunansa fa Corentin. Ya isa garinsu Lille lafiya, ya ce a gaishe ki."

Sai ga mahaifinta Garabed a bakin ƙofa, ya dawo daga kamun kifi, da alama kuma ya ji komai. Araksi ta daure ta ce, "Baba, so yake ya kawo iyayensa ku gaisa."

"Ɗan hutu? A'a! Waɗannan rana suke so, da shuɗin ruwa, da abincin Larabawa da 'yan Komoro a kasuwa. Mu kanmu abin kallo ne a wajensu. Sanyi na shigowa ki neme su ki rasa."

"Ba kowa ba ne irin Mama!"

Mahaifiyar Araksi ma hutu ya kawo ta daga Norway, ta ga Garabed a kan kwalekwalensa ta ce ta zo ke nan. Bayan 'yan shekaru ta gaji da ƙarnin kifi da hayaniyar maƙwabta, ta hau jirgin ƙasa, ta bar shi da 'yar da ko yaye ba a yi ba. Tun daga ranar ba a ambatonta a gidan.

Garabed ya kawar da kai ya ce, "In da gaske yake, ya zo tsakiyar sanyi, lokacin gyaran kwalekwale. Kafin nan ƙafarki ba za ta taka Lille ba."

Araksi ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Da ta faɗa wa Corentin a waya, ransa ya ɓaci.

"Haba Araksi, ke yarinya ce? Ki yanki tikiti ki taho mana!"

"In na hau jirgin nan, an bar Baba sau biyu ke nan a tasha ɗaya. Ina sonka, amma ba zan iya ba."

Sai ya ce a hankali, "To, ki jira ni."

Jiran kuwa bai zo da sauƙi ba. Kullum da safe tana tsaye a bakin tashar ruwa tana sayar da kifin babanta, matan da ke kusa da ita na tsokanarta, "Ina angon bazara? Ko ya narke?" Ta yi murmushi kawai, zuciyarta na ciwo.

Ranar da Corentin ya iso a tsakiyar sanyi, mistral ce ke kaɗawa, iskar nan da ke shiga har ƙashi. Shagunan bakin teku a rufe, ruwan ya yi baƙi, ba kowa a titi sai tsuntsaye suna yaga ledar shara. Araksi ta kai shi inda aka ɗaga kwalekwalen a kan katako.

Garabed bai ba shi hannu ba, ƙarfen kankare fenti ya miƙa masa. "Ga garin da ka ce kana so. Ya ka gan shi?"

"Gaskiya, Baba, ya yi muni," in ji Corentin, haƙoransa na haɗuwa. "Ni dama tekun ma amai yake sa ni. Araksi na zo nema. Na kuma samu aiki a garejin gyaran motoci a nan, ba ni da tikitin komawa."

Haka suka yi kwanaki suna kankare tsohon fenti, Araksi na kawo musu kofi mai zafi, tana shafa wa Corentin mai a tsagaggun yatsunsa in Baba ya juya baya.

Wata safiya Corentin ya iso goshin kwalekwalen, ya tarar da wani suna da ya kusa gogewa: Solveig. Ya tsaya ya dubi Araksi, ita kuwa ta rufe bakinta da hannu, don sunan mahaifiyarta ne. Duk shekara Garabed na fentin ko'ina, amma yakan kewaye wajen.

"Baba, in bar nan?"

Garabed ya matso, ya shafa haruffan da tafinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Kankare, ɗana. Laifin wata na so in ɗora maka, ban kyauta ba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma da kin so tafiya, da kin tafi. Kin tsaya saboda ni. Ki ce ya kawo iyayensa."

Araksi ta faɗa ƙirjinsa tana kuka, Corentin kuma ya sa ƙarfe yana kankarewa a hankali.

'Yan mata, wanda ya so ku a ranar shaƙatawa bai gama nuna kansa ba, sai kun ga ko zai tsaya a ranar da babu abin kallo. Haƙurin Araksi ya ba ta miji ba tare da ta rasa uba ba, shi kuma uban a ranar ya daina jiran wadda ta tafi.