Minti Uku a Gado na Shida

Ƙarfe goma na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Ana satar allurar kashe zafi a ɗakin masu ciwon zuciya, kuma asibiti ya ɗora laifin kan nas ɗin ɗakin. Takardar korarta na kan teburin babban likita, sa hannu kawai ya rage.

Sufeto ya tafi shi da saje. A gado na shida wani tsoho ne, kwana huɗu yana murƙususu alhali ana rataya masa magani. Da aka auna robar ƙarin ruwan, rabin maganin babu.

Nas ɗin ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ke ratayawa, ita ke sa hannu, amma ko ɗigo ba ta taɓa ba. Tana magana tana gyara wa tsohon hannu, a durƙushe gefen gado.

"Sista, ciwon baya kike?"

"A'a yallaɓai. Hanya nake ba wa haske."

Sufeto bai gane ba sai da injiniyan asibitin ya zo. Ya nuna masa wasu 'yan maɓallai manne a ƙirjin tsohon. Ba waya a jikinsu. Da haske suke aika bugun zuciya zuwa wata fitila a silin, ita kuma ta kai wa kwamfuta. Hasken ba ya ratsa bango, ba ya ratsa mutum. Duk wanda ya sunkuya kan majiyyaci ya tare shi, kwamfuta kuma ta rubuta lokacin.

"Saje, ja tumbinka baya, kar ka kashe musu ɗakin gaba ɗaya," in ji sufeto.

Aka buɗe kwamfuta. Shekara biyu matar nan tana zagaya gadaje goma sha biyu, ko sau ɗaya saƙo bai yanke a hannunta ba. Injiniya ya ce shi da ya haɗa abin ma yakan manta. Amma kwana huɗun nan, ƙarfe biyu da kwata na dare, lokacin da take sauka karɓo magani, saƙon gado na shida yakan ɗauke na minti uku.

Aka kira mai shara, ta rantse ba ta shiga ɗakin bayan sha biyu. Da sufeto ya nuna mata ɓawon ayaba bayan labule, ta ce to, nan take ɓuya ta ci abinci. Kullum tana ganin ɗan tsohon ya rungume babansa, har tausayi yake ba ta.

Ɗan kuwa cewa ya yi bakin ƙofa yake zama, ko ganin allura ba ya so.

"To naɗe hannun rigarka," in ji sufeto.

Ya ƙi. Saje ya naɗe masa. Tabon allura ne a jere har gwiwar hannu, ga sirinji a safarsa.

Ya sulale ƙasa. Ya ce wata takwas ke nan abin ya kama shi, ya ɗauka Baba ba zai ji bambanci ba.

"Ya ji," in ji sufeto. "Tashi."

Babban likita ya yaga takardar a gaban kowa. Nas ɗin ba ta ma juyo ba, tana rataya sabuwar roba. Tsohon ya ji ƙarar ankwa, ya tambaya ina za a kai masa yaro.

Ta riƙe hannunsa. "Baba, bari maganin ya kama ka tukuna. Ina nan, zan gaya maka."