Jifan Farko a Gidan Kanwa

Marin da Yaya Nahti ya sauke mini a bakin kogi sai da na ga wuta. Tulun da ke kaina ya faɗi ya tarwatse.

"Na ce da wa na gan ki jiya?"

"Yaya, sake mini gashi..."

"Da wa?!"

"Da Senbu! Da shi ka gan ni, kuma gobe ma da shi za ka gan ni!"

Bakina ne ya ja mini, na sani. Tun ina ƙarama ba na iya haɗiye magana. Ya fyaɗa ni da ƙasa, ya sa ƙafa ya danna fuskata cikin taɓo, matan da ke wanki suna kallo.

"Mai tsaga gawa, Satipi! Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki so sai wanda ko karenmu ba ya cin ragowar gurasarsa! Na rantse da Anpu mai tsaron matattu, in na ƙara ganinku tare sai na fasa masa kai!"

Senbu shi ne mai tsagar garinmu. In aka kai mamaci gidan kanwa a tsallaken yamma, shi ke ɗaukar wuƙar baƙin dutse ya buɗe cikin ta hagu, a fitar da abin da za a fitar kafin a binne jikin cikin kanwa don kada ya ruɓe. Ba a gyara gawa sai da shi. Amma wanda ya sa wuƙa a jikin mutum ya yi laifi, ko da mutumin ya riga ya mutu, don haka dole a jefe shi. Zai tsaya a ƙofa, 'yar mamacin ta yi jifan farko, sai ya zura a guje zuwa kogi ana binsa da zagi. Da zarar ƙafarsa ta taɓa ruwa, magana ta ƙare.

Curin busasshiyar laka ake jifa da shi, kuma yawancin mutane da gangan suke kuskurewa. Kowa ya san wata rana shi ma ta hannun Senbu zai bi.

A jana'izar gwaggona na fara ganinsa, yana gudu yana dariya, laka ta fashe a ƙeyarsa. Wai mutum ana tsine masa yana dariya! Tun ranar na rasa sukuni. Shekara guda muna haɗuwa a cikin iwar bakin ruwa, bai taɓa riƙe hannuna ba. Furen bado yake kawo mini, ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya.

"Miƙo mini mana da hannunka," nakan ce.

"Ke dai ɗauka, sanyin idona. Hannun nan ba na miƙa wa budurwa fure ba ne."

Da na koma gida da fuska a kumbure, Inna ko sannu ba ta ce mini ba.

"Madalla da ya mare ki. Gara ki zama abincin kada a kogi da in ga jikokina suna warin kanwa."

Mahaifina Baba Dedu ne kaɗai bai zage ni ba. Yana gyaran taru, bai ko ɗago ba ya ce, "Ku bar yarinyar nan. Yaron ba ɓarawo ba ne, aiki yake yi."

Kwana tara bayan nan dorina ta kife kwale-kwalen Baba. Da rana tsaka, a gaban idon masunta. Ta kama shi a cinya ta girgiza, ta wurgar da shi cikin iwa. Kafin a iso da shi gida jini ya ƙare a jikinsa. Wayyo Babana! Inna ta shafa taɓo a ka tana birgima, ni kuwa kukan ma ya ƙi fita.

Washegari da safe na zaga bayan gida, na tarar da curin laka an jera a rana, sun fi ashirin. Na ɗauki ɗaya, nauyinsa ya ja hannuna ƙasa. Na ɓantare gefensa da farce. Jan dutse ne a ciki, irin wanda Yaya Nahti da abokansa suke fasawa a ma'aikatar duwatsu, an lulluɓe shi da laka.

Nan take na gane nufinsu. Wanda ya mutu a wurin jifa, ba a tuhumar kowa a kansa. Cewa ake Anpu ne ya karɓi abinsa. Yaya ya san haka sarai.

Na soke dutsen a cikin zanena, na shiga kwale-kwale na haye.

Na samu Senbu a gindin giginya yana wasa wuƙarsa. Na jefa masa dutsen a gaba.

"Ka gudu."

Ya juya shi a hannu, ya ɓare lakar, ya daɗe yana kallo.

"Kai, yayanki akwai fasaha."

"Senbu, ba wasa na zo yi ba! Su huɗu ne. Ka shiga jirgin fatake yanzu, ka bi kogi, kada ka waiwayo!"

"To wa zai yi wa Baba tsaga?"

"A aika a kira wani..."

"Daga ina? Mai tsaga mafi kusa kwana uku ne a jirgi, uku dawowa. A wannan zafin? Kin san abin da za a tarar."

Na sani. Jikin da ya ruɓe, ransa ba ya samun gidan da zai dawo. Baba ba zai tsaya gaban Usir alƙalin matattu ba, ba za a ɗora zuciyarsa a ma'auni ba, ba zai ga gonakin lahira da ke yamma ba. Zai ɓace ke nan, mutuwa ta biyu, wadda babu komai a bayanta.

Na durƙusa ina kuka. In ya gudu na rasa Baba har abada, in ya tsaya na rasa shi.

"Ki faɗa mini da bakinki," in ji shi a hankali. "In kin ce in tafi, zan tafi."

Na buɗe baki in ce tafi. Na rantse shi na so in faɗa. Amma abin da ya fito shi ne, "Baba ne kaɗai bai zage ka ba..."

Ya yi murmushi. "Shi ke nan, ai kin faɗa. Share hawayenki, rabin raina. Taku ɗari biyu ne kawai daga ƙofa zuwa ruwa, shekara takwas ina cinye su. Kin taɓa ganin wanda ya kamo ni?"

Har yau ina jin zafin wannan magana da na yi. Na sake ɗaukar dutsen na mayar cikin zanena.

Da rana ta karkata aka taru a ƙofar gidan kanwa. Mu dangi muka leƙa ta labule. Tsoho Ipuki, shugaban masu gyaran gawa, ya rufe fuskarsa da siffar dila ta Anpu, ya zana layi da tawada a gefen cikin Baba. Senbu ya sunkuya. Hannunsa ko rawa bai yi ba, alhali yana jin Yaya Nahti a waje yana kaɗa duwatsu. Tsaga ɗaya, gajeriya, daidai kan layin. Ya ajiye wuƙar, ya fito ya tsaya a ƙofa.

Ba shi da izinin motsawa sai na yi jifa.

"Jefa mana!" Yaya ya daka mini tsawa. Abokansa uku sun jeru a bayansa, kowa hannu biyu cike.

Na kalli Senbu. Ya kashe mini ido ɗaya, ɗan banza, a irin wannan lokacin!

Na zaro dutsen daga zanena. Al'ada ta ce 'yar mamaci ta yi jifa, kuma na yi. Na juya da dukan ƙarfina na kwaɗa wa Yaya Nahti a baki.

Na ji ƙarar haƙoransa. Ya zube yana aman jini.

"Gudu, Senbu! Gudu!"

Ya zura. Wuri ya hargitse, mata na ihu, abokan Yaya suka yi tsaye sororo na ɗan lokaci, ya samu taku hamsin, ya samu ɗari. Sai suka dawo hayyacinsu. Dutse na farko ya wuce ta kunnensa. Na biyu ya same shi a kafaɗa, ya yi taga-taga ya ci gaba. Na uku ya sauka a bayan gwiwarsa, na ji ƙashin ya ce ƙas!

Ya faɗi, ya fara jan ciki. Ruwa na gabansa, taku goma bai cika ba.

Na bi su ina ihu, na kama ɗaya na gantsara masa cizo a hannu, ya make ni na faɗi. A lokacin ne Yaya ya wuce ni a guje, jini na zuba a ƙirjinsa, ya ɗauko dutse da hannu biyu.

"Yaya, don girman Baba! Yaya, shi ya ceci Baba!"

Ya sauke shi a kan Senbu. Sau biyu.

Na rarrafa na isa, na kama hannun Senbu na ja shi, na ja, har ƙafarsa ta shiga ruwa. "Ya taɓa! Ya taɓa ruwa, ku bar shi!" Suka ja da baya. Ruwan ya yi ja a kewayenmu.

Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ba ya buɗuwa. Ya kalli hannunsa a cikin nawa.

"Kin riƙe..." ya ce. "Satipi, sake, za ki ƙazantu..."

"Ba zan sake ba! Masoyina, ba zan sake ba!"

Ban sake ba har hannun ya yi sanyi.

Babu wanda ya tuhumi Yaya. Aka ce Anpu ya karɓi abinsa, kowa ya watse.

Da safe na koma gidan kanwa. Abokan aikin Senbu sun kwantar da shi a kan teburin da aka yi wa Baba tsaga, sun wanke shi, suka tsaya cirko-cirko. Tsoho Ipuki ya girgiza kai.

"'Yata, kanwa da lilin na likkafani mun ba shi kyauta, namu ne. Amma wa zai tsaga? Mu hannunmu tsarkakakke ne, ba ma taɓa wuƙar nan. Garin nan mai tsaga ɗaya gare shi, ga shi kwance."

Wato shi da ya buɗe wa duk garin nan hanyar yamma, shi ne zai ruɓe a bakin ƙofa? Wuƙar na nan inda ya ajiye ta jiya. Na ɗauka.

"Baba Ipuki, zana layin."

"Kin san abin da kike yi? Daga yau babu mai cin abinci da ke. Babu mai aurenki."

"Zana!"

Ya zana. Na ɗora tafin hannuna a kan cikin Senbu, na ce masa ya yi haƙuri, ban iya ba. Na danna wuƙar. Ba zan faɗi yadda na ji ba, amma ban kauce wa layin ba.

Na fito na tsaya a ƙofa, jini har gwiwar hannu. Mutane sun ji labari sun taru, suna kallona daga nesa. Har da Yaya, ya naɗe bakinsa da tsumma.

Ipuki ya ɗaga murya. "Ina dangin mamaci? A yi jifan farko!"

Babu wanda ya fito. Senbu ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da 'ya. Ipuki ya sake kira, ya kuma sakewa.

"In babu dangi babu jifa," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "In ba a yi jifa ba laifin tsagar yana nan a jikinsa, ba zan iya zuba masa kanwa ba. Ki yafe mini, 'yata."

Ashe duk a banza na yi.

Sai taron ya buɗe. Inna ce, taɓon makoki har yanzu a kanta. Ta zo ta tsaya gaban Ipuki, ko kallona ba ta yi ba.

"Zuciyar mijina, ya taɓa ta?"

"Ko kusa. Tana nan lafiya lau. Ban taɓa ganin tsaga mai kyau irin ta jiya ba."

"Ya san abin da aka shirya masa?"

"Ya sani," na ce.

Inna ta sunkuya ta ɗauki curin laka, ta matse shi a hannu har ta tabbatar babu komai a ciki.

"Inna!" Yaya ya yi magana ta cikin tsumma. "Ba danginmu ba ne!"

"Rufe mini baki, Nahti, ka riga ka yi naka." Ta juyo ga jama'a. "Mijin 'yata ne. Ni ce uwarsa."

Sai a lokacin ta kalle ni, hawaye na wanke taɓon da ke fuskarta. Ta ɗaga hannu ta jefo. Lakar ta sauka a ƙirjina, ta fashe.

"Gudu, 'yata," in ji ta.

Na ruga zuwa kogi ina kuka, ta kan jininsa da bai gama bushewa ba. A bayana na ji Ipuki yana cewa a kawo kanwa.