Shafi Na Arba'in

"Masoyiyata, kin yi shiru. Yaya kika ga littafin nawa?"

Ban dubi saurayin nawa ba, na ci gaba da goge kantar littattafan shagon Baba da na riga na goge.

"Ya yi daɗi," na ce. "Musamman tsohon nan mai shagon littattafai da bai iya karatu ba."

"Ai ƙirƙira ce..."

"Ƙirƙira? Har da tabaran da yake sawa alhali idonsa garau? Har da matarsa da ke karanta masa a gida, washegari ya zo yana ba masu saye labari? Sunansa kawai ka canza!"

"Wallahi don girmama shi na yi. Kowa ya karanta sai ya yi hawaye."

"Wa ya ce maka hawayensu yake so?"

Tsohon nan Baba ne. Shekara talatin yana rufe wannan sirri. Da Mama ta rasu, ni na gaji karatun. Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, shi ɗin nan, a bayan wannan kantar, ranar da ya ce zai aure ni.

Da yamma muna rufe shago Baba ya miƙo min littafin, bakinsa har kunne.

"Karanto mana na surukina. Tun safe ake tambayata ra'ayina, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare."

Na fara. Yana dariya, yana cewa yaron nan akwai baki. Da na iso shafi na arba'in na haɗa ganye uku na juya.

"Koma baya, uwata. Na ji ƙarar takarda."

"Baba, wurin ba daɗi..."

"Karanta."

Na karanta. Har inda tsohon ya riƙe takardar sakamakon 'yarsa ta jami'a a juye, yana cewa madalla.

Baba ya juyo gare ni.

"A juye na riƙe ta?"

Na gyaɗa kai.

"Kuma kika yi shiru. Allah ya yi miki albarka." Ya numfasa. "Kwafi nawa muka sayar?"

"Sittin da biyu."

"Duk mutanen unguwa?"

"Baba, na fasa auren! Wallahi na fasa!"

"Ko kin fasa, sun karanta."

Ya laluba aljihu, ya ajiye min makullan shagon a kan cinya.

"Gobe ke za ki buɗe. In sun tambaya, ki ce idona ne ya fara ciwo."