Murfin Tukunyar Kaka

Akwai wata yarinya da ake kira Auta. Tana aji biyar a firamare. Gidansu yana wani layi a bakin kogin da ya ratsa gari.

A ƙetaren kogin akwai kamfanin jimar fata. Kusan kullum da yamma kamfanin yakan saki ruwan da ya yi aiki da shi. Sai kogin ya yi baƙi ƙirin. Sai wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Idan warin ya taso, kowa yakan rufe tagarsa. Mai kanti ya saki labule. Direbobi su ƙara gudu a kan gada, fasinjoji kuwa kowa ya toshe hanci. Ko kaji ma shiru suke yi.

Kakar Auta ce take fara jin warin. Ƙafafunta sun yi rauni, amma hancinta lafiya lau. Kullum tana zaune a ƙofar gida da murfin tukunya da cokali. Da ta ji iska ta juya, sai ta buga. Gwam! Gwam! Gwam!

"A kwashe shanya!" Kaka takan ce da ƙarfi. "Ga shi nan tafe!"

Sai mata su fito da gudu su kwashe kayan da suka shanya. Domin idan warin ya shiga tufafi, sai an sake wanki.

Maman Auta wanki da guga take yi wa mutane. Da wannan sana'ar take riƙe gidan. Babbar mai ba ta aiki wata nas ce, wadda take kawo fararen rigunanta da na abokan aikinta.

Auta tana son Mama, tana son Kaka. Amma tana jin kunyar layinsu. A makaranta yara sukan kira mutanen bakin kogi "'yan unguwar wari". Saboda haka ta ce musu ita a bayan kasuwa take.

Wata rana da safe Mama ta kira ta.

"Auta, yau zan kai guga, ba zan dawo da wuri ba," in ji Mama. "Zan bar rigunan nas a igiya. Gobe da safe za ta zo ta karɓa."

"To, Mama."

"Idan an tashi, ki taho gida kai tsaye. Da kin ji Kaka ta buga murfi, ki kwashe. Kin san ba ta iya miƙewa da sauri."

"Na ji, Mama."

Kaka ta leƙo ta ce, "Wannan malalaciyar? Kafin ta ɗaga ƙafa ai rigunan sun kwashe kansu!"

"Ke kuma tsohuwa, hancinki ya fi fuskarki girma," in ji Auta.

Duk suka yi dariya. Haka Auta da Kaka suke tsokanar juna kullum.

A ajin su Auta akwai wata sabuwar ɗaliba. Yara suna kiranta Baƙuwa. Takalminta fes, jakarta sabuwa. Auta tana so ƙwarai su zama ƙawaye.

Da aka tashi ranar, Baƙuwa ta riƙo hannunta.

"Mu tafi tare mana," in ji ta. "Ta gada nake bi. Ai hanyar kasuwa ce, ko?"

Hanyar gada ta ƙofar gidan su Auta take wucewa. Amma Auta ta kasa cewa a'a.

Suna shiga layin, iska ta juya.

Gwam! Gwam! Gwam!

"A kwashe shanya! Ga shi nan tafe!"

Baƙuwa ta toshe hanci da hannu. Auta ta hango fararen riguna ta saman katangarsu, iska tana kaɗa su. Ƙafarta ta so ta ruga. Amma sai ita ma ta toshe hanci.

"Kai!" in ji Auta. "Ni ban san yadda mutane suke zama a nan ba."

Kaka ta hango ta. Ta ɗaga cokali tana kira.

"Auta! Yi sauri, 'yar nan! Rigunan!"

Baƙuwa ta tsaya. "Ke take kira? Kin san ta?"

Auta ta kau da kai. "Ban san ta ba," in ji ta. "Wata tsohuwa ce kawai."

Ba a hankali ta faɗa ba. Kaka ta ji. Cokalin ya tsaya cak a hannunta.

Auta ta wuce ƙofar gidansu kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ta raka Baƙuwa har gada. Baƙuwa ba ta ƙara cewa komai ba sai "Sai gobe." Daga nan Auta ta zagaya ta bayan layi, ta dawo gida da gudu.

Ta makara.

Ta tarar da Kaka zaune a ƙasa a tsakar gida, tana haki. Ta lallaɓa ta cire riguna biyu, sannan ƙafarta ta gaza. Ɗaya rigar ta faɗi cikin kwata. Sauran suna nan a igiya, sun sha wari.

"Kaka, kin ji ciwo?" Auta ta tambaya.

"Ban ji ba," in ji Kaka. "Kama ni in tashi."

Ba ta yi faɗa ba. Ba ta yi tsokana ba. Auta ta gwammace a ce dukanta aka yi.

Da Mama ta dawo, ta ɗauki riga ɗaya ta shinshina. Ta rufe ido.

"Auta, ina kika tsaya?"



"Ai ta zo a kan lokaci," in ji Kaka a hankali. "Wucewa ta yi."

Sai Auta ta fashe da kuka. Ta faɗa wa Mama komai, har da maganar da ta yi.

Mama ta ce, "Riga dai a sake wanke ta. Abin da kika faɗa wa kakarki fa, da wane sabulu za a wanke shi? Ɗauko bokiti."

Suka sake wanke rigunan duka. Hannun Mama ya yi ja. Rana kuma ta riga ta faɗi, sai a ɗaki suka rataye su.

Da safe nas ta zo. Ta taɓa rigunan ta ji danshi. Ta shinshina wuyan ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Haba, Maman Auta! Da me za mu shiga aiki yau? Marasa lafiya za mu tunkara da wannan?"

"Ki yi haƙuri," in ji Mama. "Laifina ne."

"Ba zan iya ba gaskiya. Zan nemi mai wanki nesa da kogin nan."

Ta tattara kayanta ta tafi. Auta tana bayan ƙofa tana ji. Mama ta ɗauki laifin da ba nata ba. Kunya ta kama Auta har ta kasa karyawa.

Ta kai wa Kaka ruwa kafin ta fita.

"Na gode, 'yar mutane," in ji Kaka. Ba ta ɗago kai ba.

A makaranta Auta ba ta ji komai a darasin farko ba. Bayan an dawo daga hutun tara, Malama ta shigo da wata takarda.

"Ku saurara," in ji Malama. "Ma'aikatan kula da muhalli suna bincike a kan warin kogi. Amma duk lokacin da suka je, sai su tarar babu komai. Suna son wanda zai riƙa rubuta musu rana da lokacin da warin yake tasowa. Waye gidansu yake bakin kogi?"

Wani yaro ya toshe hanci, wasu suka yi dariya.

Auta ta sunkuyar da kai. Ta tuna hannun Mama. Ta tuna cokalin da ya tsaya a hannun Kaka. Duk garin nan babu wanda ya san lokacin warin kamar Kaka.

Ta miƙe.

"Malama, ni ce."

"Ke? Ba a bayan kasuwa kike ba?"

"Ƙarya na yi, Malama. A bakin kogi nake." Ta juya wajen Baƙuwa. "Tsohuwar jiya kuma kakata ce. Ita ta goya ni."

"'Yar unguwar wari!" in ji yaron nan.

Malama ta kalle shi har ya sauke hannunsa daga hanci.

"Gaya mini," in ji Malama, "su Auta ne suke zuba ruwan a kogi?"

"A'a, Malama."

"Da me aka yi takalmin ƙafarka?"

Yaron ya duba ƙasa. "Da fata."

"To, ka gani. Mu muke sa takalmin, su suke shaƙar warin. Kuma har mu yi musu dariya? Auta, warin ba naku ba ne. Ba abin kunya ba ne a wurinki. Ƙaryar ce abin kunya, ita ma kin fara gyarawa."

Malama ta ba ta sabon littafi da biro.

Da aka tashi, Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Baƙuwa ta zo kusa da ita.

"Ai na sani tun jiya," in ji Baƙuwa. "Ta kira ki da suna. Kuma idanunku iri ɗaya ne."

"Shi ya sa kika yi shiru?"

"E. Ba warin ne ya dame ni ba. Abin da kika ce mata ne. Ni kakata ta rasu bara."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta.

Tana isa gida ta durƙusa a gaban Kaka.

"Kaka, ki yafe mini. Na ce ban san ki ba. Yau na faɗa a gaban aji duka cewa ke kakata ce."

Kaka ta dubi littafin da ke hannun Auta.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Aiki aka ba mu, ni da ke. Ke hanci, ni biro."

Kaka ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma dariya ta ƙwace mata.

"Wato hancin da ya fi fuskata girma ya yi rana ke nan! Tashi, malalaciya. Na yafe miki."

Ranar Asabar Auta ta roƙi Mama ta raka ta gidan nas. Da suka isa, Auta da bakinta ta ce, "Anti, ba laifin Mama ba ne. Ni aka bar wa kayan, na ƙi kwashewa." Nas ta ce za ta yi tunani. Bayan sati biyu ta aiko da riguna uku don ta gwada. Auta ba ta ƙara barin ko hankici ya sha wari ba.

Kullum Kaka ta buga murfi, Auta takan kwashe shanya, sannan ta duba agogo ta rubuta. Da littafin ya yi wata guda, Malama ta kai wa ma'aikatan. Suka zo daidai lokacin da littafin ya nuna. Suka ga baƙin ruwan da idonsu, suka ji warin da hancinsu. Aka sa kamfanin ya riƙa tace ruwansa kafin ya saki.

Warin bai tafi a rana ɗaya ba. Amma ya yi ta raguwa. Mutane suka fara barin tagogi a buɗe. Mai kanti ya fito da benci waje.

Wata rana da yamma Auta ta shigo layin riƙe da hannun Baƙuwa. Ta tsaya a ƙofar gidansu.

"Ga gidanmu," in ji ta da ƙarfi. "Wannan kuma kakata ce."

"Ni?" in ji Kaka. "Wata tsohuwa ce kawai."

"Kaka!"

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa wa Auta murfin.

"Karɓi, ki mayar kan tukunya. Kwana goma ke nan ban buga ba."

Auta ta karɓa da hannu biyu. Murfin duk ya lotsa saboda bugu. Ta kai shi ɗakin girki ta rufe tukunyar da shi.

Daga ranar Auta ba ta ƙara ɓoye gidansu ba. Ta gane cewa ba a jin kunyar gida, kuma ba a musun iyaye don a burge ƙawa.